YOYON DUBURA: ƘURJIN DA BA YA JIN MAGANIN BASIR

Wannan takarda taku ce, kai mai gida, da ke uwargida, da kai saurayi. In ba kowa ya iya karatu a gidanku ba, wanda ya iya ya daure ya karanta wa saura. Maganar da ke ciki ba irin wadda ake yi a dandali ba ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu da muke aikin dispensa mun sha ganin magidanci ya shekara biyar yana fama da wannan ciwo, ya sayar da akuya ya sayar da hatsi wajen neman magani, kunya kuwa ta hana shi ya nuna wa likita.

BA KOWANE CIWON DUBURA NE BASIR BA

A ƙasarmu duk abin da ya sami mutum a dubura sai a ce basir ne. In jini ne, basir. In tsiro ne, basir. In ƙurji ne, shi ma basir. To, ba haka ba ne. Ita kalmar basir daga Larabci muka samo ta, Larabawan kuwa tun da can sun raba cuta biyu, ɗaya suka ce mata basur, ɗaya nasur. Basur shi ne jijiyoyin jini da ke kumbura a bakin dubura, su yi tsiro ko su zub da jini. Nasur kuwa rami ne da ke zub da mugunya. Likitocin zamani suna kiransa fistula, ma'anarta bututu a harshen Rumawan da. Mu a nan za mu kira shi yoyon dubura.

Kada a haɗa shi da yoyon fitsari na mata, wanda doguwar naƙuda ke kawowa. Wannan dabam, wancan dabam. Yoyon dubura yana kama maza da mata, amma ya fi yawa ga maza, musamman daga shekara 20 zuwa 40 da 'yan kai.

YADDA CUTAR TAKE FARAWA

A cikin dubura, kamar nisan gaɓar yatsa guda daga baki, akwai waɗansu 'yan jakunkuna ƙanana, kamar guda 6, a wani mutum su fi haka. Aikinsu su fid da ɗan yauƙi. Kowace tana da ɗan baki wanda ya buɗe a cikin hanyar bayan gida. Wani lokaci sai bakin ɗaya ya toshe, ƙwayoyin cuta na cikin bayan gida su taru a ciki su hayayyafa, mugunya ta taru. Da yake hanyarta ta toshe, sai ta yi ta cin nama tana neman mafita, har ta iso ƙarƙashin fata a gefen dubura.

A nan ne mutum yakan ji wurin ya kumbura, ya yi tauri, yana zogi dare da rana. Zama ya gagara, tari ma ya zama wahala, wani har da zazzaɓi da rawar ɗari. Bayan 'yan kwanaki ƙurjin ya fashe, ko a tsaga shi, mugunya ta fita, mutum ya sami sa'ida.

Ga yawancin mutane shi ke nan, an rabu. Amma kamar mutum 1 cikin 3, hanyar nan da mugunya ta haƙa ba ta cikewa. Sai ta zauna ta zama bututu, baki ɗaya a cikin dubura, baki ɗaya a waje kan fata. Shi ne yoyon dubura.

ALAMUN DA ZA KA GANE SHI DA SU

1. Ka taɓa yin ƙurji a gefen dubura, ya fashe, amma wurin bai bushe sarai ba.

2. Akwai ɗan ƙaramin baki a wurin, kamar kan allura ko ƙwayar gero, wani lokaci da ɗan jan nama a kansa.

3. Kullum wando yana ɓaci da mugunya, ko ruwa-ruwa mai wari, ko ɗan jini. Kana yawan canja wando, kana shakkar tsarkinka in za ka yi salla, kana gudun zama cikin jama'a.

4. Bakin yakan rufe ya yi mako biyu ko wata, har ka ce ka warke. Sa'an nan wurin ya sake kumbura da zogi, ya sake fashewa, ka ji sauƙi. Haka zai yi ta zagayowa.

5. Fatar wurin tana ƙaiƙayi saboda yawan jiƙa. Wani har iska ko ɗan bayan gida yakan fito ta ramin.

Alama ta 4 ita ce babba. Ƙurjin da ya fito wuri ɗaya sau biyu ko sau uku, ba maruru ba ne.

RAMI MAI BAKI BIYU DA MAI BAKI ƊAYA

Ba kowane rami mai mugunya a wannan wuri ne yake kaiwa cikin dubura ba. Akwai mai baki ɗaya kaɗai, kamar rijiya, ya nutsa cikin nama ya tsaya. Wani saura ne na tsohon ƙurji da bai cike daga ƙasa ba. Wani kuma can sama yake, a tsagar ɗuwawu wajen ƙarshen ƙashin baya. Shi wannan gashi ne yake karyewa ya soki fata ya shige, ya taru a ciki kamar sheƙar tsuntsu. Ya fi samun samari masu yawan gashi da masu dogon zama a mota. A lokacin Yaƙin Duniya na 2 ya dami sojojin Amurka masu tuƙa jif ƙwarai. Akwai kuma wata cutar fata mai kawo maruru da ramuka a hammata da matsematsi da ɗuwawu.

Kai da kanka ba ka iya rarrabe su, domin a ido duk kamarsu ɗaya. Aikin da za a yi wa kowanne kuwa dabam ne. Saboda haka ne tilas sai likita ya duba.

DON ME MAGANIN SHA BA YA WARKAD DA SHI?

Kowane manomi ya san ramin gafiya. In ka toshe bakin da ka gani a gona, ba ka yi kome ba, tana da wani bakin can cikin shinge, gobe za ka tarar ta buɗe wani sabo. Haka yoyon dubura yake. Bakin da kake gani a waje ba shi ne tushen cutar ba. Tushen yana ciki, inda ƙazanta ke shiga duk lokacin da ka zaga. Muddin bakin ciki yana buɗe, ramin ba zai bushe ba.

Saboda haka jiƙo da tsimi da garin maganin basir da ake talla a kasuwa da lasifika ba su kai wa wurin. Kafso da allurar kemis sukan rage mugunyar 'yan kwanaki, da ka daina sai ta komo. Man shafawa kuwa, in ya rufe bakin waje, ya ƙara ɓarna ne, domin mugunyar da aka tare za ta haƙa sabuwar hanya. Ta haka ne ramin da ya fara guda ɗaya miƙaƙƙe yakan yi rassa, har a ƙirga baki uku ko huɗu a ɗuwawun mutum ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Aikin da za a gama cikin rabin sa'a bana, in an bar shi shekara uku yakan zama aiki biyu ko uku.

Ga babban mutum, maganin yoyon dubura aikin tiyata ne. Jarirai ne kaɗai dabam. 'Yan maza da ba su kai shekara ba sukan yi irin wannan ƙurji, sau da yawa kuma ya warke ba tare da fiɗa ba. Duk da haka a kai yaron a duba shi.

YADDA LIKITA YAKE BINCIKE

Ka fara zuwa dispensa ko asibitin da ya fi kusa da ku. In an ga alamar yoyo ne, za a ba ka takarda zuwa babban asibiti inda akwai likitan tiyata. In mace ce, tana da ikon ta ce a sa ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ita. Abin da aka gani a ɗakin likita ba ya fita waje.

Da fari likita zai yi maka tambayoyi. Yaushe ƙurjin ya fara? Sau nawa ya fashe? An taɓa tsaga shi ko an yi masa sakiya? Kana tari, ko gumin dare, ko rama? Kana yawan zawo? Kana iya riƙe iska da bayan gida sosai? Mace kuma za a tambaye ta haihuwa nawa ta yi, ko ta taɓa ƙaruwa wajen haihuwa. Ka faɗi gaskiya duka, domin da amsarka zai san irin aikin da ya dace da kai.

Sa'an nan ka kwanta ta gefen hagu ka naɗe gwiwoyi. Zai duba bakin ramin, ya taɓa fatar kewaye. Sau da yawa ana jin bututun a ƙarƙashin fata kamar igiya. Zai sa safar hannu, ya shafa mai, ya sa yatsa ciki don ya nemi bakin ciki, ya kuma ji ƙarfin naman da ke tsuke dubura. Yakan kuma sa wani ɗan bututu mai fitila ya leƙa. Duk wannan bai fi minti 5 ba.

Wurin da bakin waje yake yana ba likita labari. Wani likitan Ingila mai suna Gudsal ya lura da haka tun fiye da shekara 100 da suka wuce. In bakin yana ta gaba, wajen al'aura, ramin yakan miƙe sak zuwa ciki. In ta baya yake, yakan lanƙwasa ya je ya buɗe a tsakiyar bayan dubura. Ba kullum ne yake zama haka ba, amma yana nuna wa likita inda zai fara nema.

In ramin mai rassa ne, ko an taɓa yi masa aiki ya komo, akan aika mutum a ɗauki hoton wurin da na'urar MRI, wadda ke nuna nama da duk inda ramin ya bi. Irin wannan sai manyan asibitoci. Yawancin masu yoyo ba su bukatarsa.

Za a kuma auna jininka da fitsarinka, wani lokaci da majinar tari. Kada ka ce mene ne haɗin tari da dubura. Tarin fuka yakan kawo yoyo, irin wannan kuwa ba ya warkewa sai an sha maganin tarin wata 6, ana kuma ba da shi kyauta a asibitocin gwamnati. Ciwon sukari da cutar ƙanjamau suna hana miki warkewa in ba a shawo kansu ba. Akwai wata cutar kumburin hanji da ake kira Kuron, ita ma tana kawo yoyo. Can ba a rasa ba, ciwon daji yakan ɓuya a cikin tsohon rami, shi ya sa likita yakan yanki ɗan nama ya aika a auna.

ZARIYAR DA ALLAH YA YI WA MUTUM

Kafin mu zo ga aikin, sai ka fahimci abu guda. Dubura tana da nama mai ƙarfi da ya zagaye ta, zobe biyu, na ciki da na waje. Aikinsa kamar na zariyar wando ne. Na ciki yana tsuke da kansa ko kana barci. Na waje shi ne kake matsewa in bayan gida ya matsa maka kana tsakiyar kasuwa. Ramin yoyo ta cikin wannan nama yake ratsawa. Wani ta gefen ƙasa ya bi, ya ɗauki nama kaɗan. Wani ta can sama ya bi, ya ɗauki kusan duka.

In aka yanke wannan zariya fiye da kima, mutum ba zai ƙara riƙe iska ko bayan gida sosai ba, gyaranta kuwa yana da wuya ƙwarai. Wanzami gwani ne a aski da ƙaho, amma askarsa ba ta san iyakar wannan nama ba. Sakiya da jan ƙarfe, da cusa kanwa ko wani magani mai cin nama, suna ƙona zariyar su bar tabo, bakin ciki kuwa yana nan yadda yake. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

AIKIN TIYATA

Za a ce kada ka ci abinci kamar sa'a 6 kafin aiki. A ɗakin tiyata za a yi maka allura a baya wadda ke kashe rabin jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, ko a sa ka barci. Ba za ka ji zafin kome ba. Sai likita ya ɗauki wani siririn ƙarfe mai dasasshen kai, ya zura a hankali ta bakin waje har ya ɓullo ta bakin ciki. In bakin ciki ya ɓuya, yakan ɗura wani ruwa mai launi ko mai kumfa, ya ga inda zai fito. Da ƙarfen nan ya shiga, likita zai ga yawan naman zariya da ke bisansa. Daga nan aiki iri biyu ne.

In naman kaɗan ne, sai ya tsaga rufin ramin tun daga baki har baki, ya kankare ruɓaɓɓen naman ciki. Watau ya mai da ramin gafiya ya zama buɗaɗɗen lambatu, wanda ba inda ƙazanta za ta ɓuya. Wannan shi ne aikin da aka fi yi, kuma kamar mutum 9 cikin 10 suna warkewa da shi sarai. Da yawa sukan koma gida a ranar ko kashegari.

In naman da yawa ne, ko mace ce ramin yana ta gaba inda zariyarta ba ta da kauri, likita ba zai tsaga ba. Sai ya zura zare na roba ko na siliki ta cikin ramin, ya ɗaure sako-sako kamar zobe. Zaren yana hana bakin rufewa, mugunya ta yi ta fita, kumburi ya saɓe. Za ka koma gida da shi, ka yi noma da shi, ka yi tsarki da shi. Kada ka ja shi, kada ka yanke shi. Bayan mako 6 zuwa 12, ko fiye, ka komo a yi aiki na biyu. Wani a ɗaure bututun a yanke shi a tsakanin zoben nan biyu, dabarar da wani likitan ƙasar Tailan ya bayyana a 2007. Wani kuma a jawo lafiyayyen nama daga cikin dubura a rufe bakin ciki da shi kamar faci. Waɗannan ba su taɓa zariya sosai, amma ciwon yakan komo bayansu fiye da yadda yake komowa bayan tsagawa. In likita ya zaɓa maka wannan doguwar hanya, mutuncinka yake tsarewa.

Rami mai baki ɗaya aikinsa ya fi sauƙi. A buɗe shi, a fid da gashi ko ruɓaɓɓen nama, wani a yanke shi duka.

JINYA BAYAN AIKI

Za ka ga an bar mikin a buɗe ba ɗinki. 'Yan'uwa sukan ta da hankali su ce likita ya manta. Bai manta ba. So ake nama ya ciko daga ƙasa zuwa sama. In fata ta riga ta haɗe a bisa ta bar kogo a ƙasa, ciwon ya komo ke nan. Warkewa takan ɗauki mako 4 zuwa 8, babban miki ya fi haka. Ga abin da za ka kiyaye:

1. Ka zauna cikin ruwan ɗumi mai tsabta a babban kwano, minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a yini, da kuma duk bayan ka zaga. Ɗumi aka ce, ba mai ƙuna ba.

2. Ka tsane wurin a hankali, ka sa auduga ko bandeji mai tsabta. Ɗan ruwa-ruwa da ɗan jini a makonnin fari ba abin tsoro ba ne.

3. Kada ka ƙi cin abinci don tsoron bayan gida. Wanda ya yi haka cikinsa zai ɗaure, ya sha wuya ninki biyu. Ka ci zogale, da rama, da alayyafo, da kuɓewa, da wake, da gwanda, da lemo, ka sha ruwa da yawa.

4. Kada a sa wa mikin toka, ko garin magani, ko kashin shanu, ko man birki.

5. Ka bar hawan keke da babur da jaki, da ɗaukar kaya mai nauyi, sai likita ya yarda.

6. Ka koma asibiti ranar da aka sa maka, ko kana jin ka warke.

RANAR DA BA A JIRAN GARI YA WAYE

Ƙurjin dubura ba a jira ya nuna kamar maruru. Da ya kumbura yana zogi, a kai shi a tsaga a asibiti. Amma in mai ƙurji ko wanda aka yi wa aiki ya kama zazzaɓi mai zafi, ko fitsari ya ƙi fita, ko jini ya ƙi tsayawa, ko kumburi ya bazu zuwa maraina, ko fatar wurin ta fara baƙi tana ɗoyi, a nemi mota nan take, ko da tsakar dare ne. Irin wannan yana kisa cikin 'yan kwanaki, balle ga mai ciwon sukari.

BA A KANKA AKA FARA BA

Likitocin Girka da na Indiya sun yi aiki da zaren nan fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba a ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana aikin nasur a cikin littafinsa Attasrif. A 1686 Sarkin Faransa Luwi na 14 ya kamu da wannan ciwo. Aka yi ta gwada magunguna iri iri ba su yi ba, sai da likitansa Felikis ya tsaga ramin, ba allurar kashe zafi a zamanin. Sarki ya warke, ya ci gaba da mulki har 1715. A 1835 kuma aka buɗe asibiti sukutum a Landan saboda wannan cuta da 'yan'uwanta. Cuta ce ta 'yan Adam, sarki da talaka. Ba ƙazantar mutum ce ta jawo ta ba, ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarta wajen zama ko cin abinci tare.

Ke uwargida, ke kike wanki, ke za ki fara ganin tabon mugunya a wandon mai gida ko na ɗanki. Ki yi masa magana a keɓe, cikin ladabi, ki nuna masa wannan takarda. Kai mai gida kuma, in iyalinka ce ta yi maka kukan irin wannan, kada ka sayo mata jiƙo, ka kai ta asibiti. Kuɗin da za a kashe wa maganin basir shekara guda, a tara shi a yi kuɗin mota da na kati. Allah ya ba mu lafiya, amin.